Han Kuo-yu: mutumin da Kaohsiung ta kora, yau shi ne kakakin majalisar Taiwan

Ranar 6 ga Yunin 2020 mutum 939,090 suka fito a birnin Kaohsiung da ke kudancin Taiwan suka jefa ƙuri'ar a tsige magajin garinsu Han Kuo-yu, waɗanda suka ce a bar shi 25,051 ne kacal. Kuma fa ƙuri'un da suka kore shi sun fi waɗanda suka kawo shi yawa, don da 892,545 ya ci zaɓe a 2018. Wata biyar kafin nan ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa da ratar ƙuri'a sama da miliyan biyu da rabi. Duk wanda ya ga wannan zai ce ai shikenan, siyasar bawan Allahn nan ta zo ƙarshe. To yau shi ne kakakin majalisar dokokin Taiwan, shi ne ma ya miƙa wa shugaba Lai Ching-te hatimin ƙasa ranar rantsuwa 20 ga Mayun 2024, kuma kujerar da yake kai yanzu babu wani mai zaɓe da zai iya yi masa kiranye daga kanta. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da nake so mu duba, don labarin mutum ɗaya ne amma kusan duk rikicin siyasar tsibirin nan yana cikinsa.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane ko shi wanene. A 1949 'yan kwaminisanci ƙarƙashin Mao suka ci yaƙin basasar Chaina, Chiang Kai-shek da jam'iyyarsa ta KMT suka tsallaka teku suka koma Taiwan da sojoji da ma'aikata da iyalansu sama da mutum miliyan ɗaya, suka tarar da mutanen da kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin, da yarensu na Hokkien da Hakka, ga kuma ƙabilun asali. Tun kafin ma Chiang ya iso an riga an zubar da jini a Fabrairu da Maris na 1947 lokacin da sojojin KMT suka murƙushe boren 'yan ƙasa suka kashe dubbai, a 1949 kuma aka kafa dokar soja wadda ta daɗe har 1987, shekara 38. Wannan tabon bai warke ba har gobe, kuma shi ne tushen rabuwar nan ta masu launin shuɗi wato KMT da masu kore wato jam'iyyar DPP. Han an haife shi a 1957 a gefen Taipei, iyayensa 'yan lardin Henan ne na Chaina, ya tashi a irin unguwannin da aka gina wa iyalan sojojin da suka yi hijira, ƙananan gidaje a cunkushe, talakawa ne sosai amma masu biyayya ga tuta da jam'iyya. Shi ma soja ya fara shiga, daga baya ya yi digiri a fannin Turanci a jami'ar Soochow ya ƙara da digiri na biyu a jami'ar Chengchi.

Ita kanta majalisar da ya shiga tana da wani tarihi mai ban mamaki. 'Yan majalisar da aka zaɓa a Chaina a 1948 su ne suka ci gaba da zama a Taipei sama da shekara 40 ba tare da sabon zaɓe ba, hujjar gwamnati ita ce wai mazaɓunsu suna hannun 'yan tawaye, sai an ƙwato Chaina za a sake zaɓe. Tsofaffi tukuf, wasu a keken guragu ake kawo su, suna wakiltar garuruwan da rabonsu da su tun suna samari. Sai da ɗalibai suka yi zaman dirshan a Taipei a Maris 1990, alƙalan tsarin mulki suka yanke cewa dole su sauka kafin ƙarshen 1991, sannan a Disambar 1992 aka yi zaɓen farko na majalisa gaba ɗayanta. A wannan zaɓen Han ya shigo, yana da shekara 35, bayan ya yi kansila a gundumar Taipei. Ya yi zango uku daga 1993 zuwa 2002.

Gaskiya idan ka tambayi mutanen Taiwan me ya yi a shekaru taran nan, abu ɗaya yawanci za su tuna maka, dukan da ya yi wa Chen Shui-bian a 1993 ana tsakiyar muhawara kan kuɗin kula da tsoffin sojoji, har sai da Chen ya kwana uku a asibiti. Chen ɗin nan kuwa shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2000, na farko daga DPP. A lokacin ba hammata iska a zauren majalisar Taiwan ba baƙon abu ba ne, 'yan adawa sun daɗe suna amfani da shi don jawo hankalin jama'a tun suna 'yan tsiraru a gaban tsofaffin nan da ba a zaɓa ba, amma a kai ɗan majalisa gadon asibiti wannan ya wuce gona da iri, kuma ya bi Han har yau.

Daga 2002 sai ya ɓace. Ya koma Yunlin garin matarsa inda suka kafa makaranta mai zaman kanta, ya ɗan riƙe muƙamin mataimakin magajin garin Zhonghe na ɗan lokaci, shiru dai. A 2013 aka ba shi manajan kamfanin da ke kula da manyan kasuwannin kayan gwari da 'ya'yan itatuwa na Taipei, aikin da ba wani ɗan siyasa mai ji da kansa da zai yi rububinsa, amma a nan ne ya sake gina kansa. Kasuwar da ake gwanjon kaya da asuba, ga manoma ga dillalai ga 'yan dako, ya koyi yadda suke magana, ya san farashin kabeji da abin da guguwar teku ke yi wa manomi a dare ɗaya. Bidiyoyin da yake cacar baki da kansilolin DPP a majalisar birnin Taipei suka riƙa yawo a intanet, mutane suka ga wani mai sanƙo da ba ya jin tsoro kuma yana da barkwanci. A 2017 ya nemi shugabancin KMT ya zo na huɗu da ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. Jam'iyya ta tura shi Kaohsiung ya shugabanci reshenta a can, wanda a lokacin kowa ya ɗauka jefar da shi aka yi.

Dalili kuwa, Kaohsiung gidan DPP ne. A nan aka yi gangamin Disambar 1979 da gwamnatin KMT ta kama jagororin adawa ta ɗaure su, cikinsu har da Chen Chu wadda daga baya ta yi magajiyar garin daga 2006 zuwa 2018, shi kuma Chen Shui-bian yana cikin lauyoyin da suka kare su. Tun 1998 birnin yake hannun DPP. Han ya zo ba kuɗi ba tsari, yana kiran kansa mai sayar da kayan miya, yana cewa kamfen ɗinsa robar ruwa ɗaya ne da kwanon shinkafa da dafaffen naman alade wanda shi ne abincin talaka a can. Ya ce Kaohsiung ta tsufa kuma ta talauce, matasanta duk sun gudu arewa neman aiki, ya ce shi abin da ya sani a fitar da kaya a sayar, mutane su shigo, gari ya yi arziki. 'Yan boko suka yi ta dariya, barin ma da ya fara alƙawuran da hankali ba zai ɗauka ba, wai zai haƙo mai a wani tsibiri can cikin tekun kudancin Chaina, zai kawo Disneyland, zai mai da mutanen birnin miliyan 5 alhali ba su kai miliyan 3 ba.

A nan ne nake ganin masu raina shi suka yi kuskure babba, har yau ma wasu ba su yarda ba. Maganar da ya faɗa kan tsufa da talauci ta taɓa wani ciwo na gaske. Kaohsiung birnin tashar jiragen ruwa ne da ƙarafa da matatun mai, shi ya sha hayaƙin da ya gina arzikin ƙasar, amma kuɗin fasahar zamani da manyan albashi suna Taipei da Hsinchu. Albashin matasa ya daɗe a tsaye. Gwamnatin shugabar ƙasa ta lokacin, Tsai Ing-wen ta DPP, ta rage fanshon sojoji da malamai da ma'aikata, gyaran da lissafi ya nuna dole ne a yi amma ya fusata dubban tsofaffi, ta kuma taɓa dokar lokutan aiki ta yadda ma'aikata da masu kamfani duk suka yi fushi. Baƙi 'yan yawon buɗe ido daga Chaina sun ragu bayan 2016 saboda Beijing ta ja musu birki, masu otal da direbobin bas da masu shaguna suka ji a jikinsu. Manomin ayaba da abarba da mai kiwon kifi a kudu yana kallon kasuwar Chaina a matsayin abincinsa, kai kana masa wa'azin 'yancin kai shi yana tunanin kayan da ke ruɓewa a gona. Han ya tsaya a gabansu ya yi musu magana da harshensu ba tare da ya nuna musu ya fi su ilimi ba, wannan kuwa abu ne da KMT mai cike da farfesoshi da 'ya'yan manya ta manta yadda ake yi. Ga kuma tashar talabijin ta CTi, ta attajirin nan mai kamfanin Want Want da ke da dukiya mai yawa a Chaina, ta mai da shi labarinta safe da yamma har hukumar sadarwa ta ci ta tara, a ƙarshen 2020 ma aka ƙi sabunta mata lasisi. Ranar 24 ga Nuwamban 2018 ya doke Chen Chi-mai na DPP da kusan kashi 54, guguwarsa ta kwashi wasu birane da gundumomi ma ta ba KMT, Tsai ta sauka daga shugabancin jam'iyyarta a daren.

Abin da ya biyo baya shi ya jawo wa kansa, ni dai haka na gani. An rantsar da shi 25 ga Disamba, ya yi wa mutane alƙawarin zai cika shekara huɗunsa, ko wata shida bai yi ba ya fara gangamin neman shugaban ƙasa. A Maris 2019 ya tafi Hong Kong da Macau da Shenzhen da Xiamen da sunan neman kasuwar kayan gona, amma ya shiga ofishin wakilcin Beijing a Hong Kong, ofishin da mutanen can ke kallo a matsayin hannun da ke shaƙe su. Lokacin kuma bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, don a farkon Janairun shekarar shugaban Chaina Xi Jinping ya yi jawabi ya ce salon nan na ƙasa ɗaya tsari biyu irin na Hong Kong shi ne makomar Taiwan kuma bai cire amfani da ƙarfi ba, Tsai ta mayar masa da martani nan take, farin jininta da ya faɗi ya fara tashi. Sai ga Yuni, miliyoyin mutanen Hong Kong suka cika titi, matasan Taiwan suna kallon 'yan sanda na dukan sa'anninsu kai tsaye a waya. Han ya fito a wani gangami ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa kafin a kawo wannan tsarin Taiwan, amma hoton shigarsa ofishin nan ya riga ya zauna a zukata. Ya doke Terry Gou mai kamfanin Foxconn a zaɓen fidda gwani a Yuli, ya ɗauki hutun wata uku daga aikin magajin gari ya tafi kamfen, da ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna yana baya sosai sai ya ce wa magoya bayansa idan an kira su a waya su ce Tsai suke so don a rikita lissafin. Ranar 11 ga Janairun 2020 Tsai ta samu miliyan 8.17, shi miliyan 5.52, a Kaohsiung ɗin ma kanta ya faɗi warwas.

Wasu na cewa mutanen Kaohsiung ba su da alƙibla, jiya sun ɗaga shi yau sun yar. Ban yarda ba. Tambayoyi biyu daban aka yi musu suka ba da amsa biyu. A 2018 tambayar ita ce wa zai kula da kasuwa da titi da aikin yi, suka ce bari mu gwada wani tunda shekara 20 jam'iyya ɗaya. A 2020 tambayar ta koma wa za a damƙa wa ƙasar a gaban maƙwabcin da ke cewa tashi ce, nan kuma ba su amince masa ba. Kiranyen kuwa hukuncin cin amana ne, kamar ka ɗauki mai gadi ne ka ba shi makulli kafin gari ya waye ka ji yana neman sarautar unguwa. Kuma doka ta ba su dama, don a 2016 an sassauta sharuɗɗan kiranye, yanzu abin da ake buƙata masu cewa a tsige su fi masu cewa a bari yawa kuma su kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista, a Kaohsiung wajen 575,000 kenan. Han ya ce wa mutanensa kar su fita, shi ya sa ƙuri'unsa suka zo kaɗan haka, amma dabarar ba ta yi aiki ba don na ɗaya ɓangaren su kaɗai sun wuce adadin nesa ba kusa ba. Shi ne magajin babban birni na farko da aka tsige ta wannan hanya a tarihin Taiwan, Chen Chi-mai da ya kayar kuma ya ci zaɓen cike gurbi a Agusta.

To ta ina ya dawo? Ta ƙofar da tsarin zaɓe ya bari a buɗe. Tun gyaran tsarin mulki na 2005 aka rage kujerun majalisa daga 225 zuwa 113, guda 73 na mazaɓu, 6 na ƙabilun asali, sauran 34 kuma jam'iyya ake zaɓa ba mutum ba, kowace jam'iyyar da ta samu kashi 5 sai a ba ta rabonta ta cike daga jerin sunayen da ta miƙa, rabinsu dole mata. KMT ta sa Han na ɗaya a jerinta na 2024, wanda ke nufin ko me ya faru sai ya shiga, don ta san har yanzu akwai miliyoyin da ba su fita zaɓe sai sun ji sunansa. Zaɓen 13 ga Janairu ya raba gari, Lai na DPP ya ci shugaban ƙasa da kashi 40 kawai, a majalisa KMT ta samu 52, DPP 51, ƙaramar jam'iyyar TPP ta tsohon magajin garin Taipei Ko Wen-je 8, sai 'yan indifenda 2 masu karkata ga KMT. Ranar 1 ga Fabrairu Han ya samu ƙuri'a 54 a zagaye na biyu, tsohon kakaki You Si-kun ya samu 51, 'yan TPP suka ƙaurace. Wanda ya shigo ta jerin jam'iyya ba shi da mazaɓa, don haka ba wanda zai tara sa hannu a kansa, jam'iyyarsa ce kawai za ta iya fitar da shi idan ta kore shi.

Wannan abin yana damuna, ko da yake halal ne a doka kuma DPP ma tana amfani da jerin nan ta shigo da nata manyan. An ƙirƙiri kujerun ne don a samu ƙwararru da mata da muryoyin da ba za su iya cin mazaɓa ba, sai ga shi sun zama mafakar mutumin da masu zaɓe suka ƙi sau biyu cikin wata biyar. A ɗaya gefen kuma dole a yi adalci, mutum miliyan biyar da rabi da suka zaɓe shi ba baƙi ba ne a ƙasar, tsoffin sojoji ne da 'yan kasuwa da manoma da ke tsoron yaƙi fiye da komai, kuma suna ganin zaman lafiya da Beijing ta hanyar ciniki da tattaunawa shi ne hankali. Kiran su 'yan amshin shatan Chaina gaba ɗaya zalunci ne, kuma shi ne irin rainin da ya haifi guguwar Han tun farko.

Majalisar da yake jagoranta ba ta huta ba. KMT da TPP suka haɗa kai suka kawo dokokin ƙara wa majalisa ƙarfi, a hukunta jami'in da ya yi mata ƙarya ko ya ƙi amsa tambaya, a ba ta ikon kiran kamfanoni da mutane ta bincike su, shugaban ƙasa ya riƙa zuwa yana amsa tambayoyi. Wasu daga cikin waɗannan DPP da kanta ta nema lokacin tana adawa, matsalar ita ce yadda aka tura su da gaggawa ba tare da an tsefe su a kwamiti yadda ya kamata ba, ana ƙirga ƙuri'a da ɗaga hannu. Ranar 17 ga Mayun 2024 aka dambace a zaure, wasu suka tafi asibiti, wani ɗan DPP ya fizge takardun ya ruga da gudu, mutumin da ya taɓa kwantar da abokin aikinsa a asibiti shi ne yanzu a kan kujera yana roƙon a zauna lafiya. Dubun dubatar mutane suka kewaye majalisa, aka zartar da dokokin 28 ga Mayu, a Oktoba kotun tsarin mulki ta soke mafi yawan muhimman sassansu. Martanin majalisa shi ne abin da ya fi tayar min da hankali, ta gyara doka ta ce sai alƙalai 10 sun zauna kafin kotun ta yanke hukunci alhali 8 ne suka rage cikin 15, sannan ta ƙi amincewa da waɗanda Lai ya turo su cike gurbi, kotun ta yi kusan shekara ba ta iya yin komai. A Janairun 2025 kuma suka zaftare sama da dalar Taiwan biliyan 200 daga kasafin kuɗi.

Masu bin siyasar can da yawa suna ganin ainihin masu tuƙa wannan motar a lokacin su ne Fu Kun-chi shugaban 'yan KMT a majalisa, wanda ya jagoranci tawaga zuwa Beijing a Afrilun 2024, da Huang Kuo-chang na TPP, shi kuma Han ya fi nuna fuskar dattako, yana karɓar baƙi daga Amurka da Japan da Turai, shi ya jagoranci tawagar jam'iyyu duka zuwa rantsar da Trump a Janairun 2025. Ni dai ban ga yadda za a wanke shi ba, tunda kakaki ne ke da ikon cewa a dakata a koma teburin sulhu, kuma duk dokokin nan a gabansa suka wuce.

Ƙungiyoyin farar hula da goyon bayan DPP suka ɗauko makamin da ya kayar da shi a Kaohsiung suka nufi 'yan majalisar KMT da shi, da fatan su tsige isassu su karɓe rinjaye, wanda da ya yiwu da kujerar Han ta kakaki ta shiga haɗari duk da shi ba a iya taɓa shi kai tsaye. Ranar 26 ga Yulin 2025 aka kaɗa ƙuri'a kan mutum 24, ko ɗaya bai faɗi ba, 23 ga Agusta aka ƙara kan 7, su ma duk suka tsira. Mutanen da suka yarda a kori magajin gari ɗaya da ya bar aikinsa ba su yarda a yi amfani da kiranye a sake zaɓen da aka riga aka yi ba, barin ma yawancin mazaɓun nan dama na KMT ne, kuma wannan karon magoya bayanta sun fito sun jefa ƙuri'ar a'a maimakon su zauna a gida kamar yadda Han ya sa nasa suka yi. Wa'adin wannan majalisar sai ƙarshen Janairun 2028 zai ƙare, har zuwa lokacin Lai ne da fadar shugaban ƙasa, Han da ƙawancensa ne da kasafin kuɗi, har da kuɗin makaman da Amurka ke matsa wa Taiwan ta saya.